Na ga talabijin mai 3D a wajen masu kayan Kwatano: in saya ko in haƙura?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Talabijin ɗinmu ta falo ta mutu tun makon jiya, mai gyara ya ce allon ne ya tafi, kuma kuɗin canza shi ya kusa na sayen wata. Jiya na shiga kasuwa wajen masu kayan Kwatano, na ga guda biyu masu inci 55. Ɗaya irin wadda muka saba da ita ce, ɗayar kuma mai 3D, da tabarau huɗu a kwalinta. Mai shagon ya saka mini bidiyon kifaye a ƙarƙashin teku, ya miƙo mini tabarau. Wallahi sai da na ja da baya, kifin kamar zai taɓa mini hanci. Tun lokacin abin bai fita raina ba. Sai dai bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne, ya kusa sayen batirin inbata. Mu bakwai ne a gidan har da Hajiyarmu da yara huɗu, autar shekararta huɗu. Waɗanda suka taɓa amfani da irinta, ta cancanci ƙarin kuɗin?

Bala_Mai_Gyara:
Wa'alaikumussalam Abban Hanifa. Shekarata goma sha bakwai ina buɗe bayan talabijin, don haka bari in fara da abin da mai shago ba zai gaya maka ba. An daina ƙera irin wannan. Samsung ta janye hannu a 2016, LG da Sony suka bi ta a 2017. Duk mai 3D da za ka gani a kasuwa yau, komai ƙyallinta, ta daɗe tana aiki a gidan wani kafin ta hau jirgin ruwa. Fitilun da ke bayan allo suna tsufa kamar yadda ƙwan lantarki yake tsufa, kuma idan allon nan ya samu matsala, samun irinsa sai an dace. Tambaya ɗaya: tabaran marasa nauyi ne kamar na roba, ko masu maɓalli da wurin caji?

Abban_Hanifa:
Marasa nauyi ne Malam Bala, ban ga maɓalli a jikinsu ba.

Ummu_Sadiq:
Mu mun yi ta. Maigidan ya kawo ta lokacin da take tashe, da tabarau shida. Makon farko har maƙwabta sai da suka shigo kallo. In gaya maka gaskiya, a shekara biyar da ta yi a falonmu ba mu kunna 3D ɗin ya kai sau goma ba. Ba wai ba kyau ba ne, akwai kyau. Matsalar ita ce yadda muke kallo a gida. Ina zaune ina tsinke zogale, in tashi in duba tukunya, a yi sallama in fita, waya ta yi ƙara, yaro ya ce ruwa. Duk tashin da za ka yi sai ka cire tabarau, in ka dawo ka sake sawa, ido ya sake sabawa. Wanda kuma ya shigo babu tabarau, hoton bibbiyu yake gani, dishi-dishi, ba zai iya zama da ku ba. Ku bakwai ne, tabarau huɗu. Su wa za a ce su tashi?

Dan_Majigi:
Hajiya Ummu Sadiq, a yi wa abin nan adalci. Yawancin masu kushe 3D ba su taɓa ganin na gaske ba. Ni na kalli Avatar a silima da ya fito a ƙarshen 2009, kuma har gobe ban manta dajin nan ba. Ba abin da ke tsalle ya nufo fuskarka ne ya kama ni ba, zurfin ne. Allon ya zama kamar taga, kana hango bishiya bayan bishiya har inda ido ya gaji. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 2.7, na biyunsa da ya fito a 2022 ya haura biliyan 2. Mutane ba sa zuba kuɗi haka a kan abin banza. Abban Hanifa, abin da ka ji a gaban kifin nan gaskiya ne, kada a sa ka raina shi.

Ummu_Sadiq:
Ai ban ce banza ba ne, ɗan'uwa. A silima ka kalla. Ka biya kuɗi, an kashe fitila, ka zauna wuri ɗaya ba mai kiranka. Shi kuwa falo yake magana.

Injiniya_Zazzau:
Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake, sai shawarar ta fi sauƙi. Ɗaga yatsanka a gabanka, ka rufe idon dama ka duba, sannan ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan ya matsa. Tsakanin idanun babban mutum akwai tazarar kusan santimita 6 da rabi, kowane ido yana ganin duniya ta ɗan gefensa, ƙwaƙwalwa ce take haɗa biyun ta fitar da nisa da kusa. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna haka da madubai tun 1838. Duk aikin 3D bai wuce a ba kowane ido hotonsa ba, a hana shi ganin na ɗan'uwansa.

A talabijin hanya biyu ake bi. Tabarau masu batir suna rufe ido ɗaya su buɗe ɗaya da saurin da ba ka lura, allon kuma yana sauya hoton dama da na hagu daidai da su, sau 120 a daƙiƙa, 60 ga kowane ido. Hotonsu cikakke ne, amma suna da nauyi da tsada, sai an yi caji, kuma in akwai doguwar fitilar nan ta lantarki a ɗakin wasu suna ganin haske yana kyafta-kyafta. Irin wanda Abban Hanifa ya gani ba batir. Allon ne aka lulluɓe da wata leda mai tace haske, layi ɗaya na idon dama, na ƙasa da shi na hagu, haka har ƙasa. Tabaransa araha ne, ba ya gajiyar da hanci. Abin da aka rasa shi ne, cikin layuka 1080 na allon kowane ido 540 yake samu. Sai a masu 4K na ƙarshe-ƙarshe, wato allon da layukansa suka ninka 1080, aka magance wannan.

Bala_Mai_Gyara:
Injiniya ya faɗi daidai, amma ya bar wanda ya fi shafarmu. Irin mara batir ɗin nan yana son idonka ya yi daidai da tsakiyar allo. In ka yi sama da yawa ko ƙasa da yawa, hoton dama sai ya tsallaka idon hagu, ka riƙa ganin inuwa a gefen komai. To mu a ina muke kafa talabijin? Can sama a bango, don kada yara su taɓa. Yaran kuma a ina suke zama? A ƙasa kan kafet. Na je gidaje da dama an kira ni wai 3D ya lalace, in je in tarar lafiyarsa ƙalau, wurin zaman ne. Mai kishingiɗa kuwa ba a magana, da ka kwantar da kai gefe zurfin ya watse, domin an tsara hoton ne don idanu biyu a jere, ba ɗaya a kan ɗaya ba.

Sadiya_Funtua:
Ni minti ashirin na yi da shi a wata silima kaina ya ɗauki ciwo, zuciyata tana tashi. Sai da na cire na rufe ido. Ƙawata da ke kusa da ni ko a jikinta. Har yau ina mamaki.

Sista_Asibitin_Ido:
Sadiya, ba ke kaɗai ba ce, kuma akwai dalili. Idan mutum ya kalli abu na kusa, idanunsa suna yin aiki biyu tare: su karkato ciki su haɗu a kan abin, sannan madubin da ke cikin ƙwayar ido ya daidaita kansa da wannan nisan. Tun muna jarirai ayyukan nan biyu tare suke tafiya. A 3D sai a raba su. Kifin Abban Hanifa yana gaban hancinsa, idanu sun karkato sun bi shi, amma hasken daga allo yake fitowa, don haka dole madubin ido ya tsaya a kan nisan allo. Wani ƙwaƙwalwarsa tana jurewa, wani kuma ciwon kai da jiri. A falo abin ya fi tsanani saboda allon yana kusa da kai.

Abban Hanifa, maganar autarka nake so ka riƙe. Hukumar kula da lafiya ta Faransa, ANSES, ta ba da shawara a 2014 cewa kada yara 'yan ƙasa da shekara 6 su kalli 3D, 'yan ƙasa da 13 kuma a taƙaita musu, saboda ganinsu bai gama ginuwa ba. Ko Nintendo da ta fitar da na'urar wasanta 3DS a 2011 ta sa gargaɗi game da ƙananan yara. In kuma akwai mai farfaɗiya a gida, a nisanta shi da masu batir ɗin nan masu kyaftawa. Yarinya 'yar shekara huɗu ta ga yayyenta sun sa tabarau, ka san ba za ta yarda a bar ta a baya ba.

Wani abu kuma da ba a cika sani ba: akwai mutanen da sam ba sa ganin 3D. Mai ido ɗaya, da mai harara-garke, da wanda idonsa ɗaya ya yi rauni tun yana yaro har ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi. Idan yaro ya sa tabarau ya ce bai ga wani bambanci ba, kada a ce taurin kai ne, a kai shi a duba.

Baba_Sani_Fagge:
'Ya'yana, ina karanta ku ina tuna da. Mu da muka yi zamanin Plaza da Marhaba da Eldorado a Kano, ba tabarau, wata silimar ma ba rufi, sama ce rufinmu, amma in jarumi ya shigo sai ka ji gidan ya ɗauki ihu gaba ɗaya. Kafin nan ma akwai majigi da ake kawowa fili a kafa farin ƙyalle, kowa ya zo da tabarmarsa. Daɗin kallo a wurinmu shi ne ka juya ka ga fuskar na kusa da kai. Wannan na tabarau, an ce mini tun zamanin Turawan da ake yin sa da ja da shuɗi, ya zo ya wuce.

Injiniya_Zazzau:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Gyara kaɗan, da izininka. Ja da shuɗin nan an fi amfani da shi a mujallu da littattafan zane. Finafinan da suka yi tashe a Amurka daga 1952 zuwa 1954 yawancinsu da tabarau mai tace haske aka nuna su, dangin wanda Abban Hanifa ya gani. Lokacin talabijin ta fara shiga gidaje tana janye mutane daga silima, shi ne masu fim suka nemi abin da ba a samu a gida. Abin da ya kashe shi, na'urar haska fim biyu ake kunnawa tare, in ɗaya ta riga ɗaya ko da ƙiftawar ido ne, duk 'yan kallo sai su tashi da ciwon kai. Wani abin mamaki, André de Toth da ya ba da umarnin House of Wax a 1953, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi karɓuwa a lokacin, ido ɗaya gare shi. Bai taɓa ganin zurfin da ya shirya wa mutane ba. Amma maganarka ta cewa yana zuwa yana wucewa haka take, ya sake ɗagowa a farkon shekarun 1980 ya kwanta, sannan 2009.

Masoyin_Indiya:
Tunda an zo tarihi, kada a manta da mutanenmu. Indiya ta yi fim ɗinta na 3D na farko a 1984, My Dear Kuttichathan, da harshen Malayalam, wanda aka juya zuwa Hindi da sunan Chhota Chetan. Na yara ne. Amma ku lura, duk son da muke wa finafinan Indiya, daga kaset zuwa faifai zuwa fassarar Hausa da ake tura mana a waya, ban taɓa jin wanda ya je wurin mai turawa ya ce a ba shi mai 3D ba. Labari da waƙa muke bi.

Dan_Majigi:
Saboda ba a ba mu mai kyau ba ne. Bayan Avatar kowane kamfani ya ga kuɗi, sai aka riƙa ɗaukar fim da kyamara ɗaya, a ba masu kwamfuta su mayar da shi 3D cikin 'yan makonni, a ƙara kuɗin tikiti. Mutane su fito kamar an yanko su daga kwali an jera. Ga duhu, domin tabarau da matatar da ke gaban na'ura suna cinye fiye da rabin hasken, in mai silima kuma yana tattalin fitilarsa sai ka yi ta lalube. Juyawar ma in an ba ta haƙƙinta tana kyau: Titanic da aka sake fitarwa a 2012 an yi sama da shekara ana aikinsa, an kashe kusan dala miliyan 18. Gaggawa da kwaɗayi ne suka ɓata wa abin suna.

Auwal_Manchester:
Ni ta ɓangaren ƙwallo zan yi magana, don da ita aka fi tallata mana talabijin ɗin nan a Ingila. Ranar 31 ga Janairun 2010 Sky ta nuna wasan Arsenal da Manchester United da 3D a wasu wuraren kallo ƙalilan, United ta ci 3 da 1. A gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu a shekarar an ɗauki wasanni 25 da 3D. Na kalli wasanni da dama haka a gidan abokina. Idan an nuno ɗan wasa daga bakin fili, ko bugun kwana, abin sha'awa ne ƙwarai. Amma ƙwallo daga sama ake fahimtarta, ka ga yadda 'yan baya suka tsaya da inda gibi yake, kuma daga can nesa zurfin ba ya fitowa, 'yan wasa sai su zama kamar 'yan tsana. Ga shi ƙwallo da hira ake kallonta, ana musu ana tsalle. ESPN ta rufe tasharta ta 3D a 2013, BBC ta dakatar a shekarar, Sky ta rufe tata a 2015.

Mai_Gidan_Kallo_Gusau:
Mutum ɗari da wani abu nake tarawa ranar babban wasa. Ka ce in raba musu tabarau in karɓa bayan an tashi? Ko kujeru da ƙyar suke kai ƙarshen kaka.

Bala_Mai_Gyara:
Mu dawo kan tambayar mai tambaya. Abban Hanifa, in ka saya, me za ka kalla a kai? Wannan ita ce tambayar. Tashoshi sun rufe kamar yadda Auwal ya faɗa. Faifan Blu-ray mai 3D sai da na'urarsa ta musamman, ko PlayStation 3 ko 4, kuma sabon faifan 4K da aka fito da shi a 2016 ba a ma sa 3D a tsarinsa ba. Abin da ya rage shi ne fayil ɗin da ake saukewa, wanda za ka ga hoto biyu gefe da gefe, ka danna rimot ta haɗe su. Masu kyan suna da nauyi, ka lissafa kuɗin data. Akwai maɓallin da wai yake mayar da kowane shiri 3D, har labarai da wasan Hausa. Kada ka sa shi a lissafi, kintace kawai na'urar take yi. Sannan tunda ka ambaci inbata: in an kunna 3D allon yana ƙara haske don ya cike wanda tabarau ya cinye, wuta kuma ta ƙaru.

Issoufou_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ni safiyo na karanta, kuma mun yi aiki da wannan dabara ba don nishaɗi ba. Jirgi yana ɗaukar hotunan ƙasa a jere, kowane hoto ya hau kan na bayansa da kashi 60 cikin ɗari. In ka sa biyu ƙarƙashin madubin nan mai ido biyu, sai ka ga tudu ya taso, kwari ya faɗa, har tsawon bishiya kana iya aunawa. Ranar da na fara gani na daɗe ban ɗago kai ba. Likitoci ma da ke tiyata da na'ura mai hannaye da ido biyu suke leƙa cikin mutum. Don haka ni ba na cewa abin ya mutu. Inda ake bukatar sanin nisa da gaske yana nan da ransa. Tele ta falo ce dai ba ta bukace shi ba.

Khalifa_Tech:
Yayyena duk kuna maganar jiya. 3D ya koma na'urar da ake ɗaurawa a fuska. Meta Quest, ko Apple Vision Pro da ta fito a 2024 a kan dala 3,499. Kowane ido da allonsa, ba inuwa, ba duhu, ba ruwanka da inda ka zauna. Ko da waya ma ana ɗanɗanawa, tun 2014 Google ta fito da na kwali da ake zura waya a ciki. Na kalli fim a Quest ɗin wani abokina, ya fi duk silimar da na taɓa shiga.

Ummu_Sadiq:
Khalifa, wato maigida ya ɗaure fuska shi kaɗai a falo, mu kuma mu zauna muna kallonsa? Wayar ma da ta raba kowa da kowa ba ta isa ba? Awa ɗayan nan bayan sallar isha'i da muke haɗuwa gaban shiri ɗaya, Hajiya tana tambaya wane ne wannan, yara suna ba ta labari, ita ce ta rage mana. Ni abin da zai taɓa ta ba na maraba da shi komai kyansa.

Khalifa_Tech:
Na fahimce ki Anti. Amma wanda yake zaune shi kaɗai a ɗakin haya a wani gari fa? Ba kowa ke da falo cike da mutane ba.

Dan_Majigi:
Abban Hanifa, ni dai ga tawa. In lafiyar allon ƙalau ce, kuma za a rage maka kuɗin ya matso kusa da na ɗayar, ka ɗauka. Masu 3D ɗin nan a zamaninsu su ne manyan samfura, an fi zuba musu kayan kirki, ko ba ka sa tabarau ba hotonsu yana da kyau. Tabarau mara batir kuma ba wuyar samu, irin na yawancin silima ma yana yi. Sau ɗaya a wata ka rufe labule, ka zaunar da manyan yaran a kujera, ku kalli na namun daji ko na sararin samaniya. Yaro ba ya manta irin wannan.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Yau da yamma na koma shagon da yara biyu, Hanifa da yayanta. Na gwada abin da Malam Bala ya faɗa, na tsuguna a ƙasa, kuma tabbas kifin ya zama biyu. A tsaye kuwa lafiya lau. Mai shagon ya sauko da kuɗin sosai da na ce masa na san an daina yin su, amma har yanzu akwai 'yar tazara, na ce ya ba ni zuwa Asabar. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Yayan yana ta kai hannu zai kama kifi, ita kuwa Hanifa, shekararta tara, ta sa tabarau ta cire ta sake sawa, ta ce Abba ni ban ga komai ba, duhu kawai ya ƙara. Na canza mata wani tabaran, haka dai. Sista, wannan ne abin da kike nufi?

Sista_Asibitin_Ido:
Zai iya zama shi, zai iya zama wani abu mai sauƙi kamar bukatar tabaran likita. Kada hankalinka ya tashi, amma kada ka jinkirta. Kafin ku je, a gida ka rufe mata ido ɗaya da tafin hannu ta karanta wani rubutu daga nesa, sannan ka rufe ɗayan, ka ga ko akwai wanda ya fi rauni. Ko me ka gani, ka kai ta asibitin ido a auna kowane ido daban, ka gaya musu abin da ya faru a shagon yadda ka gaya mana. In raunin ido ɗaya ne, ana ba da tabarau, wani lokaci a riƙa rufe mai ƙarfin na wasu awanni don mai raunin ya yi aiki, kuma an fi samun nasara in yaro yana ƙarami. Ka tambayi malaminta ma ko tana matsowa gaban allo a aji.

Bala_Mai_Gyara:
Allah ya ba ta lafiya. In ka koma ranar Asabar, ka ɗauko mini hoton takardar da ke manne a bayan talabijin ɗin, mai lambar samfuri da shekarar ƙira. Kuma ka sa ya nuna maka farin hoto zalla a allon, ka duba kusurwoyi huɗun ko akwai inda ya yi duhu ko shuɗi-shuɗi.